Steve Kerr da Rabon Mintuna 240

Steve Kerr ya buga wasanni 910 a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, cikin kakar wasa 15. A guda 30 kacal aka fara wasa da shi. A sauran 880 ɗin yana zaune a benci lokacin da alƙalin wasa ya cilla ƙwallo sama, yana jiran koci ya waiwayo ya kira sunansa. Akwai kuma darare da yawa da wannan lissafi bai ƙirga ba, waɗanda aka tashi wasa ba a waiwayo ba sam. Matsakaicin abin da yake ci a wasa maki 6 ne, yayin da Michael Jordan, wanda suka yi zama ɗaya a Chicago, yake cin 30. Duk da haka Kerr ya ɗauki kofin zakarun gasar sau biyar yana ɗan wasa, ya sake ɗaukarsa sau huɗu yana koci. Masu ba da labarinsa sukan ɗauki shekarun benci a matsayin wahalar da ya sha kafin ya samu. A haƙiƙa a bencin ya koyi sana'ar da yake ci da ita, kuma daga nan ne ya kwaso raunin da ke biye da shi.

Mai karatu da ya fi sabawa da ƙwallon ƙafa yana buƙatar ɗan bayani. A ƙwallon kwando mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, wasan NBA kuma minti 48 ne. Idan aka ninka, kowane koci yana da minti 240 a hannunsa a kowane dare, da 'yan wasa har 15 masu jiran rabo. Canji ba shi da iyaka, wanda aka fitar yana iya komawa bayan minti biyu. Saboda haka ba a yanke hukunci sau ɗaya kafin wasa a huta. Ana yanke shi ne kowane ɗan lokaci, a gaban jama'a, sau 82 a kaka kafin ma a shiga wasannin neman kofi. Tauraro yana cinye minti 35 ko fiye. Abin da ya rage shi ake yayyafa wa sauran, kuma kwantiragin mutum na gaba, da kuɗin da zai ciyar da iyalinsa shekaru masu zuwa, sun rataya ne a kan waɗannan 'yan mintuna. Dabarun fili kowane mataimakin koci yana iya zana su a allo. Abin da ke da wuya shi ne a hana mutum minti goma yau, gobe a buƙace shi, a same shi a shirye ba tare da ƙullaci ba.

An haifi Kerr a Bairut, babban birnin Labanan, a watan Satumban 1965. Mahaifinsa, Malcolm Kerr, malamin jami'a ne da ya ƙware a siyasar ƙasashen Larabawa, don haka yaron ya tashi tsakanin Kalifoniya da Gabas ta Tsakiya, har ya yi wani ɓangare na karatun sakandare a Alƙahira. Da ya gama makaranta manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba: ba shi da tsawo ta ma'aunin wasan, ba shi da gudu, ba shi da tsalle. Lute Olson, wanda ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Arizona a 1983 tana cikin mawuyacin hali, shi ya ba shi gurbi a ƙurarren lokaci. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 18 ga Janairun 1984, 'yan bindiga suka harbe mahaifinsa a kusa da ofishinsa a Jami'ar Amurka ta Bairut, inda yake shugabanci a tsakiyar yaƙin basasa. Kerr yana da shekara 18. Shekaru huɗu bayan nan wasu magoya bayan jami'ar da ke hamayya da tasu suka riƙa yi masa gori da kisan kafin a fara wasa. Ya shiga ya ci maki 20 kafin hutun rabin lokaci. Jaridun Amurka suna son su rataya dukkan halayensa a kan wannan rashi, abin da ya yi kama da neman sauƙin bayani. Inda tasirinsa ya fito a sarari shi ne duk lokacin da aka yi kisan gilla da bindiga a ƙasar, kamar ranar 24 ga Mayun 2022 da aka kashe yara 19 da malamai biyu a wata makarantar firamare a Uvalde ta jihar Texas: ya zauna gaban 'yan jarida kafin wasa, ya ƙi cewa uffan a kan ƙwallo, ya buga teburi yana tuhumar 'yan majalisar dattawa da riƙe dokar tantance masu sayen bindiga.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1988, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi, sai da aka kira mutum 49 kafin Phoenix ta ɗauke shi. Ya wuce Cleveland, ya leƙa Orlando, ya isa Chicago a 1993, daidai lokacin da Jordan ya yi ritayarsa ta farko. Abu ɗaya ya iya fiye da kowa: jifa daga bayan layin maki uku. Cikin kowane jifa 100 da ya yi a tsawon rayuwarsa ta wasa, sama da 45 sun faɗa kwando, kuma har yau wannan ne mafi girman kaso a tarihin gasar. Adalci dai a ambata cewa tsakanin 1994 da 1997 an matso da layin kusa da kwando, kuma a lokacin ne ya yi kakarsa mafi kyau. Amma aikin irin wannan ɗan wasa yana da wata wahala da alƙaluma ba sa nunawa. Tauraro idan ya ɓarar da jifa biyar na farko yana da wasu 15 a gaba. Ɗan benci yakan shigo jikinsa a sanyaye, ya samu ƙwallo sau biyu ko uku, idan ya ɓarar ya koma ya zauna, watakila sai wani makon. Kerr ya sha faɗin cewa ya daɗe yana tsoron jifa saboda tsoron kuskure, kuma sai da ya manyanta a wasan ya rabu da wannan tsoro.

A Chicago ya faɗa hannun Phil Jackson, wanda shi ma ɗan benci ne a zamaninsa a New York. Jackson da mataimakinsa Tex Winter suna amfani da wani tsari da ake kira kusurwa uku, wanda ke tilasta ƙwallo ta ratsa hannun kowa kafin a yi jifa. Amfaninsa na fili shi ne rikita masu tsaro. Amfaninsa na ɓoye, wanda Kerr ya ji a jikinsa, shi ne mutumin da ya taɓa ƙwallo yana jin da shi ake yi, ko da ba shi ya ci ba, kuma wanda ya ji da shi ake yi yakan tsare gida da zuciya ɗaya. A atisayen share fage na 1995, bayan Jordan ya dawo, gardama ta kaure tsakaninsu har Jordan ya naushe shi a ido. Kerr bai ja da baya ba, Jordan ya kira shi ya ba shi haƙuri, kuma dukansu sun ce daga ranar ne girmamawa ta shiga tsakaninsu. Shekara biyu bayan nan, a wasa na shida na jerin wasannin ƙarshe da Utah, ana kunnen doki 86 da 86, Jordan ya ja masu tsaro biyu ya miƙa masa ƙwallo, ya jefa ta faɗa saura daƙiƙa biyar. A bikin kofin ya tsaya gaban dubban mutane yana zolaya, wai Jordan ne ya ce irin wannan yanayi yana ba shi tsoro, shi ya sa dole ya sake fitar da shi kunya.

Daga Chicago sai San Antonio, wurin Gregg Popovich, inda ya ɗauki kofi na huɗu a jere a 1999. Abin da ya fi bayyana shi a can ya faru ne a 2003, yana da shekara 37, ƙafafu sun gaji, kusan ba a sa shi a wasa. A wasa na shida da Dallas, ƙungiyarsa tana baya da maki sama da goma, Popovich ya duba benci ya kira shi. Ya yi jifa huɗu daga bayan layi, duka huɗun suka shiga, wasan ya juye. Bayan makonni kaɗan ya ɗauki kofi na biyar ya ajiye takalmi.

An daɗe da lura cewa manyan taurari ba kasafai suke zama manyan masu horarwa ba. Magic Johnson ya riƙe Lakers wasanni 16 a 1994, ya ci biyar, ya ajiye. Larry Bird ya yi kyau a Indiana, har ya kai ta wasan ƙarshe a 2000, amma shekara uku ya yi ya tafi. Jackson mai kofi 11 da Pat Riley mai kofi biyar duk 'yan benci ne, Popovich kuwa bai taɓa buga wasa a NBA ba. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne tauraro ba ya iya koyar da abin da ya zo masa a matsayin baiwa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai lissafin mintuna ya fi ƙarfi: cikin 'yan wasa 15, biyu ko uku ne taurari, sauran duka masu jira ne, kuma wanda bai taɓa jira ba bai san abin da ke cin su ba.

Kerr bai ruga zuwa horarwa ba. Ya yi sharhin wasanni a talabijin, sannan ya zama babban manajan Phoenix daga 2007 zuwa 2010, inda ya musanya Shawn Marion da Shaquille O'Neal, cinikin da ya rage wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi gudu a gasar sauri ba tare da ya kawo kofi ba. Ya koma talabijin yana tara rubuce-rubucen dabaru. A watan Mayun 2014, bai taɓa horar da ko da ƙungiyar makaranta ba, ƙungiyoyi biyu suka neme shi: New York, inda maigidansa Jackson ke shugabanci, da Golden State Warriors. Ya zaɓi ta biyu a kan dala miliyan 25 na shekara biyar. Ba rusasshiyar ƙungiya ya gada ba. Mark Jackson, wanda aka sallama, ya ci wasanni 51 a kakar da ta gabata, ya gina tsaro mai ƙarfi, kuma 'yan wasan suna ƙaunarsa, musamman Stephen Curry. Kerr ya bi su gida-gida kafin a fara atisaye, har Ostareliya ya je wurin Andrew Bogut. Ya kuma ɗauko tsofaffin hannu, Alvin Gentry da Ron Adams, ya zaunar kusa da shi, abin da sabon koci mai tsoron kujerarsa ba ya yi.

Gyaransa na farko a fili ya fito ne kai tsaye daga Chicago da San Antonio. Warriors suna cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin miƙa wa juna ƙwallo; ya sa musu burin miƙawa 300 a kowane wasa, ya sa Curry ya riƙa sakin ƙwallo yana zagaye fili a guje, masu tsaro suna binsa, gurabe suna buɗewa ga sauran. Gyara na biyu ya fi haɗari. Andre Iguodala ya shekara goma a gasar bai taɓa fara wasa daga benci ba, an taɓa zaɓensa cikin taurarin gasar, yana da lambar zinare ta Olamfik. Kerr ya roƙe shi ya koma benci domin matashi Harrison Barnes ya fara, saboda Barnes ba ya iya taɓuka komai sai a tsakiyar manya, Iguodala kuwa zai iya jan ragamar 'yan canji. David Lee, wanda ya fi kowa albashi a ƙungiyar, ya ji rauni kafin a fara kaka, Draymond Green ya hau gurbinsa, kuma da ya warke bai samu gurbin ba. Mutum biyu masu suna suka zauna a benci, gida bai tsage ba. Ana iya cewa halin kirkinsu ne, kuma haka ne, amma mai roƙon ma ya taimaka: ba za a ce masa bai san zafin abin da yake nema ba.

Sun ci wasanni 67. A jerin wasannin ƙarshe, inda wanda ya fara cin huɗu ke ɗaukar kofi, Cleveland ta LeBron James ta shiga gaba da biyu da ɗaya. Wani matashin ma'aikaci mai suna Nick U'Ren, wanda aikinsa ya haɗa da shirya bidiyo da tsara jadawalin koci, ya kawo shawarar a cire dogon ɗan tsakiya Bogut a fara da Iguodala. Kerr ya karɓa, suka ci wasanni uku a jere, Warriors suka ɗauki kofinsu na farko tun 1975, aka zaɓi Iguodala gwarzon jerin wasannin. Da 'yan jarida suka tambayi Kerr, sai ya ambaci sunan yaron. Koci da yawa da sun haɗiye yabon.

Akwai tuhumar da ke bin duk wannan, kuma ba ta wasa ba ce: wa zai kasa cin kofi da Curry? Hujjojin masu tuhumar suna da nauyi. Bayan tiyatar baya da ta bar shi da yoyon ruwan laka da ciwon kai mai tsanani, Kerr bai halarci wasanni 43 na farkon kakar 2015 zuwa 2016 ba; mataimakinsa Luke Walton ya ci 39 daga ciki, har da 24 na farko a jere, kuma bisa ƙa'idar gasar duka aka rubuta su da sunan Kerr. A 2017 ciwon ya sake kwantar da shi, Mike Brown ya riƙe ƙungiyar a yawancin wasannin neman kofi ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, ga kuma Kevin Durant da ya zo ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Da Durant ya tafi, Klay Thompson ya ji rauni, Curry ya karye a hannu, sai ƙungiyar ta ci 15 ta sha kashi 50. Magoya bayansa sukan amsa da cewa gidan da ke tafiya daidai ba maigida shaida ce ta kyawun gini, kuma Walton bai taɓa yin kaka mai rinjayen nasara ba da ya samu tasa ƙungiyar. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne Curry yana nan a ƙarƙashin kocin da ya gabata, kuma ba a wuce zagaye na biyu ba. Kofin 2022 ma, wanda aka ci ba Durant, ya zo ne da gudummawar mutanen da wasu ƙungiyoyi suka yar, irin su Gary Payton na biyu da Otto Porter. Wanda ya sha kaye a hannunsa a wannan shekara shi ne Ime Udoka na Boston, ɗan benci shi ma, almajirin Popovich shi ma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma ya buga wa ƙasar wasa. Shekaru uku kafin nan Toronto ce ta hana Kerr kofi, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya harhaɗa.

Sai dai darasin benci yana da nasa farashin, kuma an biya shi a bainar jama'a. A 2016, bayan sun kafa tarihin cin wasanni 73 cikin 82, sun kai uku da ɗaya a kan Cleveland, suka bari aka kamo su. A wasa na bakwai, ana cikin rubu'in ƙarshe, Kerr ya sa Festus Ezeli, ɗan asalin birnin Benin a Najeriya, wanda bai samu kansa ba a duk jerin wasannin. LeBron ya neme shi ya ci maki shida a kansa cikin ɗan lokaci, wasan kuma ya ƙare da tazarar maki huɗu. Amanar da Popovich ya ba Kerr a 2003 ta yi riba. Wadda Kerr ya ba Ezeli ta ci kofi.

Abin da ya faru a Oktoban 2022 ya fi wannan nauyi. Draymond Green ya naushi Jordan Poole a wurin atisaye, bidiyon ya fita, duniya ta kalla. Ƙungiyar ta ci Green tara, ba ta dakatar da shi ba. Kerr ya kira abin rikici mafi girma tun zuwansa, amma da wuya a ce naushin 1995 bai shiga lissafinsa ba, wato fatan cewa maza za su daidaita a tsakaninsu har abin ya zama alheri. Yanayin biyu ba ɗaya ba ne. Kerr yana da shekara 30 lokacin da Jordan ya nausa shi, ya rama, kuma ba wanda ya gani sai 'yan ɗaki. Poole yana da 23, kuma miliyoyin mutane sun ga faɗuwarsa a wayoyinsu. Kakar ta tafi a gurguje, Kerr da kansa ya amince daga baya cewa yarda ta ragu a tsakanin 'yan wasan. Da bazara ta zo aka sayar da Poole ga Washington, aka ba Green sabon kwantiragin shekara huɗu.

Matasa ne inda hanyarsa ta fi yin tuntuɓe. Tsarinsa yana son mai saurin karanta fili, mai haƙurin taka rawar da aka ba shi, wato irin ɗan wasan da shi kansa ya kasance. Yaro mai baiwa wanda aka ɗauka a sahun farko yana buƙatar wani abu dabam: mintuna masu yawa da izinin yin kuskure. James Wiseman, wanda aka ɗauka na biyu a 2020, ya bar ƙungiyar a 2023 bai zama komai ba, ko da yake rauni ya taka rawa. Jonathan Kuminga, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da aka ɗauka na bakwai a 2021, ya shekara huɗu yau a fili gobe a benci. Wanda ya gina rayuwarsa a kan jira yana iya ganin jira a matsayin makaranta ga kowa, alhali ga wani ɓata lokaci ne. Manya ma ba su tsira ba. A Fabrairun 2024 ya mayar da Klay Thompson benci karon farko tun shekararsa ta farko a gasar, kuma a bazarar Thompson ya koma Dallas. A gasar Olamfik ta Paris, inda Kerr ya jagoranci tawagar Amurka, Jayson Tatum, wanda ya ɗauki kofin NBA makonni kaɗan kafin nan, bai taka fili ko na daƙiƙa ɗaya ba a wasanni biyu da Sabiya. Amurka ta ci zinare, mutanen Boston kuma suka yi wa Kerr ihu da ya je garinsu.

A wasannin neman kofi na 2025 Warriors sun fitar da Houston, wadda Udoka ke horarwa a lokacin, a wasa na bakwai, Kuminga yana kallon mafi yawan jerin daga benci. A wasan farko na zagaye na biyu da Minnesota, Curry ya ji rauni a cinya. Kerr ya waiwaya ya kira Kuminga, yaron ya ci maki 30 a wasa na uku, ya fi kowa ci a ƙungiyar a sauran jerin. Minnesota ta cinye wasanni huɗun da Curry bai buga ba.